Barcin Jariri: Darasi Domin Iyaye da Masu Raino

Idan an sami ƙaruwa a gidajen cikin birnin Kano, ko a Jakara, ko Mandawari, ko Yakasai, ko gindin Dala, masu zuwa barka sukan gai da mai jego da ruwan zafi, sa'an nan su tambaye ta, "Yana barin ki ki runtsa kuwa?" Sau da yawa amsar ita ce a'a. Daga nan shawarwari sukan yi yawa. Wata ta ce nono ne ba ya isarsa, wata ta ce ciki ne, wata ta ce a nemo masa magani a kemis. Uwar da ta kwana uku ba ta yi barcin kirki ba tana iya karɓar kowace shawara, har da wadda za ta cuci ɗanta.

Saboda haka muka ga ya dace darasinmu na wannan karo ya tsaya a kan barcin jariri. Mun ɗauki gidajen cikin ganuwa misali, gama a can ne al'adun jego da raino suke da ƙarfi, gidaje kuma a cunkushe suke, amma abin da za mu koya ya shafi kowane gida. Jigon darasin shi ne wannan: barcin jariri yana nuna da kansa a kan lokacinsa, kamar yadda haƙori yake fitowa a kan lokacinsa. Aikinmu shi ne mu shirya masa wuri mai lafiya da tsari mai ɗorewa, mu kuma yi haƙuri.

AWA NAWA JARIRI YAKE BUKATA?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan barci da motsa jiki na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ga abin da ta ƙayyade cikin kowane yini da dare, wato awa 24, an haɗa da barcin rana:

Daga haihuwa zuwa wata 3: awa 14 zuwa 17.
Daga wata 4 zuwa wata 11: awa 12 zuwa 16.
Shekara 1 zuwa 2: awa 11 zuwa 14.
Shekara 3 zuwa 4: awa 10 zuwa 13.

Mu lura da faɗin tazarar da ke cikin waɗannan lambobi. Jarirai biyu 'yan wata ɗaya, ɗaya yana barcin awa 14, ɗaya awa 17, dukansu lafiyarsu ƙalau. A gidan da mata biyu ko uku suke goyo a tsakar gida ɗaya, gwada ɗan wannan da ɗan waccan yakan jawo damuwa da ƙananan maganganu a banza. Ma'aunin da ya fi lissafin awoyi shi ne yaron kansa. In yana shan nono da ƙarfi, yana jiƙa ƙyallensa sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa yana ƙaruwa a katin awo, yana kuma kallon mutane da walwala sa'ad da yake farke, to, barcinsa yana isarsa.

ME YA SA YAKE YAWAN FARKAWA?

Dalilai uku ne, dukansu kuwa na halitta.

Na farko, cikinsa ƙarami ne, nonon uwa kuma yana narkewa da sauri. Sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 cikin awa 24, don haka awa biyu ko uku sun isa yunwa ta tashe shi. Shan da yake yi da dare yana ƙara wa uwa ruwan nono. Wanda ya ce a ba shi ruwa ko koko don ya daɗe yana barci, ya saɓa wa shawarar masana, wadda ta ce nono zalla har wata 6.

Na biyu, bai san dare da rana ba tukuna. A jikin babban mutum akwai wani agogo na ciki da yake bin haske da duhu, yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin da ke kawo barci bayan faɗuwar rana. Ba a haifi jariri da wannan agogo a saice ba. Sai wajen wata 2 zuwa 3 yake fara daidaita, daga nan barcin dare ya fara tsawo, na rana ya fara raguwa. Wato a cikin kwana arba'in na wankan jego, babu wata dabara da za ta sa jinjiri ya kwana har asuba.

Na uku, zagayen barcinsa gajere ne. Babban mutum yakan ɗauki kamar minti 90 kafin ya kammala zagaye ɗaya daga barci mara nauyi zuwa mai nauyi. Jariri kuwa kamar minti 50 ne, kusan rabin barcinsa kuma mara nauyi ne. A cikinsa yakan yi murmushi, ya motsa baki, ya yi gurnani, idanunsa su yi ta motsi a ƙarƙashin fata. Yawancinmu mukan ɗauka ya farka, mu sure shi, ta haka mu tashe shi da hannunmu. Ya fi kyau mu dakata kaɗan mu gani. Sau da yawa yakan koma da kansa.

Game da kuka kuma, masu bincike sun lura cewa yakan ƙaru daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na 6, musamman da yamma, sa'an nan ya ragu wajen wata 3 zuwa 4. Abin lura shi ne wannan ƙololuwa takan zo daidai da lokacin da mai jego take gama arba'in, 'yan taimako su watse, wadda ta je wanka gidan iyayenta ta koma ɗakinta. Sai a ce canjin gida ne ko wani mugun abu, alhali lokacin ne ya yi.

GOYO DA RARRASHI

Iyayenmu mata sun riga masu bincike sanin amfanin goyo. A shekarar 1986, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, likitoci biyu, Urs Hunziker da Ronald Barr, suka sa wasu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu a jiki. Da jariran suka kai mako 6, kukansu ya kasa na sauran da kashi 43 cikin ɗari. A shekarar 2022 kuma, masu bincike a cibiyar RIKEN ta ƙasar Japan, ƙarƙashin Kumi Kuroda, suka gwada hanyoyin kwantar da jariri mai kuka suna auna bugun zuciyarsa. Abin da ya fi aiki shi ne a ɗauke shi a yi ta tafiya a hankali minti 5 ba tsayawa, in ya yi barci a zauna da shi a jiki minti 5 zuwa 8, sa'an nan a kwantar da shi. Zaman nan na ƙarshe shi ne abin da mukan tsallake. Da ya rufe ido sai mu kwance majanyi mu sauke shi, ya kuwa farka da kuka, gama barcinsa bai yi nauyi ba tukuna.

Amma goyo yana da ƙa'idodinsa. A tallafe wuyan jariri da zani, fuskarsa tana gefe, hancinsa da bakinsa a buɗe, kada haɓarsa ta danne ƙirjinsa. Kada a lulluɓe kansa da mayafi ko hijabi mai kauri har iska ta kasa kai masa, musamman a cunkoson kasuwa irin na Kurmi da tsakar rana. Kada a durƙusa gaban murhu da shi hayaƙi yana dukan fuskarsa. In yarinya ƙarama ce 'yar raino, babba ya duba ɗaurin da idonsa. Ƙa'idojin 2019 da muka ambata sun ce kada a bar yaro a ɗaure fiye da awa 1 a jere, sun kuwa ambaci goyon baya da sunansa. In ya farka a sauke shi a tabarma ya miƙe gaɓoɓinsa. A riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke ana kallonsa, jimlar kamar minti 30 a yini, domin wuyansa da bayansa su yi ƙarfi.

Bayan goyo, ga abubuwan da suke taimakon agogon jikinsa ya daidaita. Da safe a fito da shi tsakar gida ya ga haske a inuwa. Ɗakunan cikin birni da yawa tagoginsu ƙanana ne, jaririn da ya wuni a duhun ɗaki kuwa zai daɗe bai rarrabe dare da rana ba. Da rana kada a hana daka ko hira saboda shi. Da dare a rage fitila, a yi magana ƙasa-ƙasa, a ba shi nono, a sa shi ya yi gyatsa, a mai da shi ba tare da wasa ba. Hasken waya da na talabijin a nisanta su da idonsa, gama Hukumar ta ce ɗan ƙasa da shekara 1 ba shi da rabo a kallon allo ko kaɗan.

Daga wajen wata 2 ko 3 a kafa masa tsarin kwanciya, abu ɗaya bayan ɗaya, a lokaci ɗaya kowane dare: wanka da ruwan ɗumi bayan magariba, shafa mai, nono, waƙar raino irin wadda kakanni suka iya, sa'an nan shimfiɗa. Mu koyi alamun gajiyarsa, wato hamma, murza ido, kau da fuska, jan kunne. Jaririn da aka bari ya wuce wannan gaɓa yakan fi wuyar kwantarwa. Wannan yakan faru ranar suna, inda yake yawo daga hannu zuwa hannu tun safe. Ba laifi ba ne uwa ko kaka ta ce, "Ku yi haƙuri, a bar shi ya huta." In ya kai wata 4 zuwa 6, a riƙa gwada kwantar da shi yana gyangyaɗi bai gama yin barci ba, hannun uwa a kan ƙirjinsa, domin ya saba da kama barci a shimfiɗarsa. In bai yiwu yau ba, a sake gwadawa bayan mako guda. Sannu ba ta hana zuwa.

YADDA ZA A KWANTAR DA SHI

Wannan sashe shi ne mafi nauyi a darasinmu. Akwai mutuwar da takan ɗauki jariri cikin barci ba tare da ciwo ba, an fi ganinta tsakanin wata 2 da wata 4. A da likitocin Turai da Amurka da kansu suna cewa a kwantar da jariri rub da ciki. Da bincike ya nuna haɗarin haka, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta janye wannan shawara a 1992, aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994. Cikin shekara goma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Ingila ta ga irin wannan raguwa bayan gangaminta na 1991.

Don haka a kwantar da jariri rigingine, a kan bayansa, dare da rana, har ya shekara. Kwanciyar gefe ba ta da tabbas, gama yana iya kifewa. Iyaye mata sukan ji tsoron kada tumbuɗi ya shaƙe shi. Amma hanyar iska tana gaban hanyar abinci ne, saboda haka in yana rigingine abin da ya taso yakan koma hanyar abinci, jariri mai lafiya kuma yakan haɗiye ko ya juya kai. Ranar da ya iya juyawa da kansa gaba da baya, sai a bar shi yadda ya zaɓa.

Shimfiɗar ta zama mai tauri, a miƙe, ba matashin kai, ba tulin tsummoki, ba bargo mai nauyi kusa da fuskarsa. Abin da ya fi aminci shi ne ya sami shimfiɗarsa dabam dab da gadon uwarsa, a ɗaki ɗaya, aƙalla wata 6 na farko. Mun sani a gidaje da yawa ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya, gidan sauro ɗaya, uwa kuma da jaririnta take kwana. In haka ne, a kiyaye waɗannan: kada yayyensa su kwanta kusa da shi, kada a bar rami tsakanin katifa da bango, kada bargon manya ya rufe shi. Akwai kuma halin da bai kamata a haɗa gado da jariri ba sam: in uba ko uwa suna shan taba, in ɗayansu ya sha giya ko burkutu ko maganin da ke sa barci, ko in jaririn bakwaini ne ko an haife shi da nauyin da bai kai kilo 2 da rabi ba. Barci da jariri a kan kujerar kushin ya fi dukan waɗannan haɗari.

HUNTURU, BAZARA DA DAMINA

Kowane lokaci na shekara a Kano yana da nasa haɗari ga jariri mai barci.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, akan shigar da kaskon garwashi ɗakin mai jego a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari. Takan sa mutum barci mai nauyi, daga nan ya zarce. Ita ce kuma take fitowa daga janareta da aka tayar a zaure ko kusa da taga. In za a gasa ɗaki, a yi kafin a shigo da jariri, a fitar da kaskon, a bar iska ta ratsa. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi su ma a nisanta su da inda yake kwance. Don sanyi, a sa masa riga ɗaya fiye da abin da babba ya sa. A taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa a ji: in da gumi, kayan sun yi yawa.

Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafi yakan kai digiri 40. Ɗakin soro na ƙasa mai rufin azara yakan riƙe sanyi, amma ɗakin kwano kamar tanda yake. Riga ɗaya mara nauyi ta isa, ba hula, ba safa. A yawaita ba shi nono, shi ne ruwansa. In iyali sun fito kwana a tsakar gida, a fito da gidan sauro tare da su.

Da damina, kwatoci da kududdufan cikin birni sukan cika da sauro. An yi babban rabon gidan sauro mai magani a Jihar Kano a 2009, an kuma maimaita bayan haka, amma gidan sauron da ke ninke a akwati ba ya kare kowa. A rataya shi, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a ɗaure shi da kyau don kada ya faɗo wa jariri a fuska. Yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kuma a ba su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya suke rabawa wata-wata da damina.

MAGANIN SA BARCI

Kada mu ba jariri wani abu domin ya yi barci, ko na kemis ko na gargajiya. Maganin mura da na tari da wasu suke ɗura wa yara don su yi shiru suna iya rage numfashi. Wanda ake kira Phenergan an hana ba ɗan ƙasa da shekara 2. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018, amma har yanzu wajibi ne mu karanta abin da ke jikin kwalba. Mu tuna da abin da ya faru daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, sa'ad da maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya lalata ƙodar yara, aƙalla 84 suka rasu a ƙasar nan. Iyayensu sauƙi suke nema wa 'ya'yansu. Zuma ma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1, gama tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, hantar jinjiri ba ta iya ɗaukarsu.

BARCIN DA BA NA LAFIYA BA

Mukan yabi jaririn da "ba shi da rigima," amma wani shirun ciwo ne. A makonnin farko, in ya wuce awa 4 bai sha ba, a tashe shi. A garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: yana da wuyar tashi ko jikinsa ya saki, ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi har digiri 38 alhali bai kai wata 3 ba, ko ya yi sanyi ƙalau, numfashinsa ya kai 60 a minti ko haƙarƙarinsa yana shiga ciki, idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya irin ta shawara, maɗigarsa ta kumbura ko ta faɗa, ko yana taune-taune. Mazauna cikin birni suna da Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a hanyar Zariya.

HUTUN UWA

Hikimar kwana arba'in ita ce a ɗauke wa mai jego aiki domin ta huta. Amma kamar yadda muka gani, kuka yana kai ƙarshen ƙarfinsa ne a daidai lokacin da taimako yake ƙarewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida yana iya ɗaukar jariri ya yi ta zagaya ɗaki minti biyar nan, wannan ba ya rage masa girma. Kaka da ƙanwa da maƙwabciya suna iya karɓarsa da hantsi domin uwa ta rama barci. In kuka ya kai mai raino bango har ya ji zuciyarsa tana tafasa, ya kwantar da jariri rigingine a wuri mai lafiya, ya fita ya sha iska, ya kira wani. Kada a girgiza jariri da fushi ko sau ɗaya, gama hakan yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. Uwar da baƙin ciki da kuka suka riƙe ta fiye da mako 2 bayan haihuwa, ko ta kasa barci ko da jariri yana barci, tana bukatar ganin likita, ba faɗa ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A gidajenmu, yaya aka saba kwantar da jariri, wa kuma yake da ta cewa a kan haka? Ta yaya za mu kai wa kakanni wannan bayani cikin ladabi?
2. Waɗanne abubuwa ne muka taɓa gani ana ba jarirai domin su yi barci?
3. Da hunturu, ta wace hanya za mu ɗumama ɗakin mai jego ba tare da barin garwashi a ciki ba?
4. Wace mai jego ce a unguwarmu ta gama arba'in a wannan wata, wa kuma zai je ya karɓar mata jariri ta sami barcin awa biyu?